Gidan nan na gaba da Tumfure, tsada ya yi ko kasuwa ce ta kwanta?

Wata Asabar Yayana ya ɗauke ni rakiya mu je mu ga wani gida da wani dillali ya dame shi da waya a kai, can gaba da Tumfure a gefen garin Gombe, inda za ka sauka daga kwalta ka kama yashi sai ka yi tafiya mai ɗan dama kafin ka kai. Gida ne mai ɗaki uku da falo, tayil har tsakar gida, get ja da sabon fenti, an sa mishi miliyan 35. Tun a mota dillalin yake ta zuba, wai Alhaji wallahi ko bulo da siminti kaɗai ka lissafa ka ci riba, gidan nan da shekara uku baya ne ko ƙyallinsa ba za ka gani ba an ɗauke. Ni kam ba tayil ɗin na tsaya kallo ba, rubutun da aka yi a jikin katanga na sayarwa ne ya ɗauke min hankali, don rana ta cinye shi har an sake bin sa da wani fentin a kai, ana ganin inuwar tsohon a ƙasa. Kwaɗon get ɗin ma sai da aka ɗiga mishi mai kafin ya buɗu. Da suka shiga ciki sai na zame na je wajen wani dattijo mai tireda a tsallake, na sayi ruwan leda na ce Baba gidan nan ya daɗe a kasuwa ne? Ya yi dariya ya ce ɗana damina biyu ke nan ana kawo mutane, kowa ya shiga sai ya yaba, shikenan.

Toh daga nan na san miliyan 35 ɗin nan ba farashin gidan ba ne, burin mai gidan ne. Farashi shi ne kuɗin da aka miƙa aka ce an sallama a gaban shaidu, duk abin da ke bakin dillali kafin wannan magana ce kawai, kuma mafi yawan mutanen da ake zurmawa a harkar gida a nan suke faɗawa, sai su riƙa auna magana da magana, wancan an sa 40 wannan an sa 35 kenan wannan ya yi arha, alhali dukkansu biyun babu wanda aka taya.

Kasuwar gida ba ta faɗuwa irin ta tumatur. Tumatur in ya yi yawa kafin la'asar mai shi ya karya kuɗi da kansa don in ya kwana ya tashi a banza. Gida ba ya ruɓewa, mai shi zai iya kulle shi ya yi ta jira, shi ya sa in kasuwa ta juya ciniki ne ke fara mutuwa ba farashi ba, za ka ga alluna sun yi yawa, gidaje suna daɗewa, dillalai suna zaman jin labari a ƙarƙashin bishiya, amma kowa ka tambaya kuɗin jiya zai faɗa maka. Haka aka yi a Amurka. Farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, sayayya ta fara ja da baya tun kafin mutane su yarda akwai matsala, aka zo 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, kuma farashin bai daina sauka ba sai wajen 2012, a ƙasar gaba ɗaya ya zube da sama da kashi ɗaya cikin huɗu, a garuruwa irin su Las Begas da Finiks kuwa sama da rabi ya tafi. Wanda ya saya a 2008 yana murnar ya samu ragi, bayan shekara biyu ya ga maƙwabcinsa ya sayi irin gidansa da kuɗin da bai kai nasa ba ko kusa. Kuma unguwannin nesa da gari, sababbin da aka yanka a gonaki, su suka fi shan kashi, musamman da man fetur ya haura dala 4 galan a tsakiyar 2008. Wasu masana tattalin arziki ma sun taɓa bin cinikin gidaje a birnin Boston na shekarun 1990 suka gano cewa wanda ya sayi gidansa da tsada shi ya fi sa kuɗi sama in zai sayar kuma nasa ya fi daɗewa a kasuwa, don zuciya ba ta son a ce an faɗi. Wannan ba sai an je Boston ba, duk wanda ya taɓa kai rago Tike bayan sallah ya san halin.

Amma mu a nan akwai abin da ke rufe idon mutane, naira. Ka ce wa mutumin Gombe gida ya faɗi sai ya yi maka kallon wanda bai san ƙasa ba, ya ce yaushe ƙasa ta taɓa faɗuwa? Kuma yana da dalilinsa, tun da aka cire Gombe daga Bauchi a 1996 garin yake ta buɗewa, ma'aikata suka dawo, jami'ar jiha ta zo a 2004, sannan rikicin Boko Haram ya koro ɗimbin mutane daga Borno da Yobe, masu hali a cikinsu suka sayi gidaje da filaye suka zauna, gonakin da muka sani muna yara duk suka koma fuloti. Wanda ya ga haka shekara ashirin da wani abu dole ya ɗauka doka ce. Sai dai mu yi lissafi kaɗan. A ƙarshen 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a alƙaluman hukuma, kenan gidan da aka kafe a miliyan 35 tun farkon shekarar har ƙarshenta, abin da kuɗin zai iya saya ya koma kamar na miliyan 26, mai gida yana bugun ƙirji bai rage ko kwabo ba alhali kashi ɗaya cikin huɗu ya zurare ta ƙasa. Ko ka bi ta dala, a ce mutum ya kashe miliyan 20 a farkon 2023 lokacin da dala ke wajen 750 a kasuwar bayan fage, dala dubu 26 da ɗoriya ke nan, in ya sayar miliyan 35 a kan dala 1,500 dubu 23 da 'yan kai zai samu. A baki ya ci ribar miliyan 15, a aljihu ya faɗi. Faɗuwar kasuwarmu kenan, a ɓoye take yin ta, kuma tana yanka ta ɓangare biyu, don kai ma mai saye in ka rungume nairarka kana jiran a karya farashi ita ma narkewa take yi. Zan dawo kan wannan.

Me ya kwantar da kasuwar kuwa? Mu gida da tsabar kuɗi ake sayensa, ba kamar Turai ba da banki ke biya kai ka yi ta biyan banki shekara talatin. Akwai dai tsarin NHF na bankin bada lamunin gidaje na tarayya da ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, ruwan bashin kashi 6, amma ka ƙirga mutum nawa ka sani da suka mallaki gida ta nan. Bankin kasuwanci kam ba a magana, babban banki da kansa ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ga shi da yawanmu ba ma taɓa bashi mai ruwa ko da arha ne. Saboda haka masu saye 'yan kaɗan ne, ɗan kasuwa da ya samu shekara mai kyau, ma'aikacin da aka biya garatuti, ɗan siyasa, sai ɗan gari da ke Abuja ko ƙasar waje. Tunda aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, rarar da ma'aikaci ke tarawa ta tafi a shinkafa da kuɗin makaranta, 'yan hatsi kuma da suka cika sito suna jiran tsada sai farashin masara ya karye musu a 2025, kuma kowa ya san kuɗin hatsi na daga cikin masu motsa kasuwar fili a garin nan. Masu saye sun ragu, masu sayarwa ba su ragu ba.

Toh yanzu ta yaya mutum zai gane an tsuga mishi kuɗi? Ni abu na farko da na ce wa Yaya shi ne mu bar tambayar nawa aka sa, mu koma nawa aka sayar. A nemo gida biyu ko uku a unguwar nan da aka yi cinikinsu aka gama a cikin wata shida da suka wuce, ba shekara biyu ba don wancan wata kasuwar ce daban. Ba mu da rajistar da za ka buɗe ka ga farashi, amma ciniki ba ya ɓuya, mai unguwa ya sa hannu, akwai shaidu, akwai lauyan da ya rubuta takarda, akwai maginin da sabon mai gida ya kira ya gyara bayi, kuma akwai dillalin da aka yi cinikin ba da shi ba, wanda shi ne zai faɗa maka gaskiya don haushi. Ka kula kuma da sarƙar dillalai, mai gida ya ce 30 yake nema, na farko ya ɗora biyu, na biyu ya ɗora uku, kafin maganar ta iso kunnenka ta zama 35, kuma la'ada na nan daban tana jiranka. Duk cinikin da aka ce maka mai gidan ba ya gari, ko ba ya son a gan shi, ka ɗan ja da baya.

Haya kuwa ita ce ma'aunin da ba ya ƙarya, don ɗan haya ba ya biyan kuɗin buri, abin da gidan ke tsinana mishi yau shi yake biya. Na sake komawa wajen Baba mai tireda na ce irin wannan gidan nawa ake kama shi a nan? Ya nuna min wani a bayansa kusan girmansu ɗaya ya ce dubu ɗari tara a shekara, shi ma sai da ya yi wata huɗu babu kowa. Raba miliyan 35 da dubu 900, shekara 39 kusan kafin haya ta dawo maka da uwar kuɗinka, in ba a yi yoyo ba, ba a canja kwano ba, ba a yashe sokawe ba, ɗan haya bai gudu da kuɗin wata shida ba. Wato gidan bai kai kashi 3 cikin 100 yake kawowa a shekara ba, a ƙasar da sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko, wato takardar zuba jari irin ta tsarin Musulunci, a 2017 ya biya sama da kashi 16. Ba ina cewa gida ya zama daidai da sukuk ba ne, gida yana bin tsadar kaya ya hau, takarda ba ta bi. Amma ka ɗauki wannan lissafin ka kai shi Fantami ko Tudun Wada kusa da jami'a ko Federal Low Cost ka ga shekara nawa zai ba ka, in na cikin gari yana mayar da kuɗinsa a shekara ashirin na bayan gari sai arba'in, toh rabin kuɗin da ake nema a wajenka ba na gida ba ne, na fata ne, fatan wata rana gari zai iso. Zai iya isowa, Tumfure kanta ai da daji ce. Tambayar ita ce waye zai biya kuɗin jiran, kuma mai gida so yake ka biya shi ribar shekara goma masu zuwa tun yau.

Sai babbar hujjar dillalai, wai je ka gina irinsa ka gani. Wannan tana da ƙarfi ban raina ta ba, siminti da muke saye dubu huɗu da wani abu ya tsallake dubu goma a wasu wurare a farkon 2024, duk da ga kamfanin simintin Ashaka nan a jiharmu, rodi da kwano da tayil duk sun bi dala. Shi ya sa ma gidajenmu ba za su yi irin zubewar Amurka a naira ba, tsadar kayan gini tana tokare su. Amma mutane suna juya hujjar ne. Kuɗin gini rufi ne ba daɓe ba, ma'ana shi ne iyakar abin da mai hankali zai biya, don in gidan ya wuce kuɗin fili da gini gara ka sayi fuloti ka yi naka yadda kake so, amma ba shi ne mafi ƙarancin abin da gidan zai iya yi a kasuwa ba. In mutum ya kai miliyan 30 ya zuba a inda ba ruwa ba hanya, siminti ba zai dawo mishi da kuɗinsa ba. Kuma a bayan gari fili ba ya yankewa, can gaba kaɗan wani manomi yana yanka gonarsa ƙafa 50 da 100, gobe wani zai yanka, saɓanin Jekadafari ko Bolari da ba a ƙera sabon fili. Abin da ke da yawa ba ya riƙe farashi in kasuwa ta yi sanyi. Sannan ka kira magini naka ba na dillali ba, ka biya shi kuɗin yini ya ƙwanƙwasa bulo ya leƙa silin, don gidan da aka gina don sayarwa daban yake da wanda mutum ya gina don 'ya'yansa, buhu ɗaya a buga bulo fiye da ƙima sai a rufe da filasta da fenti mai sheƙi. Silin mai fitilu kala-kala da mai gida ya kashe miliyan biyu a kai sha'awarsa ce, ba bashi ba ne a kanka.

Inda na fi daɗewa da Yaya shi ne kan nisa, don shi wannan ba a rubuta shi a takardar ciniki amma kullum sai ka biya. Daga gidan zuwa wajen aikinsa da makarantar yara mun auna kilomita 12. Zuwa da dawowa sau biyu a rana 48 ke nan, a motarsa kusan lita biyar, a ce lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, dubu 5 a rana, dubu 130 a wata, sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara. Ko ka cire rabin a matsayin wanda dama zai ƙona a cikin gari, ragowar ta kusa kuɗin hayar gidan gaba ɗaya. Lokacin da lita ke ƙasa da naira 200 babu mai wannan lissafin, kuma a lokacin ne aka yanka yawancin unguwannin nan aka sa musu farashi, farashin ya zauna a kan tsohon mai. Ba a maganar ran da mota ta lalace madam za ta nemi Keke Napep, ko tsakar dare yaro ya kama zazzaɓi ga asibitin koyarwa can cikin gari. Ruwa ma haka, ruwan Dadin Kowa ba ko'ina bututunsa ya kai ba, kuma akwai sassan Gombe da haƙa bohol ke cin kuɗi sosai saboda zurfi, sai ka koma sayen tanka duk sati. Wuta in babu taransifoma karo-karo za a ɗora maka ko ka haɗa sola. Duk waɗannan ka tara su na shekara biyar ka cire daga kuɗin da aka sa, abin da ya rage shi ne za ka kwatanta da gidan cikin gari.

Kwari kam ba sai na yi dogon bayani ga ɗan Gombe ba, ƙasarmu yashi ce, mun ga yadda zaizaya ta ci gidaje. Gidan da ke kusa da bakin kwari ko kan hanyar ruwa babu farashin da ya yi mishi arha. Takardu ma a gajarce, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba, ka je GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Gombe, a duba maka ko wajen yana cikin tsari, ko an shata titi ta kansa, kuma kuɗin yin takardun a cire daga farashin ba a aljihunka ba.

Abu ɗaya da ya rage shi ne waye mai sayarwa. Akwai Alhajin da ke da gida goma ya sa wannan a kasuwa don in an samu wanda zai biya, shi ko shekara biyar zai yi ba zai rage ba kuma kuɗin da ya sa ba ya nuna komai game da kasuwa. Akwai magada da ke son a raba kowa ya kama gabansa, akwai wanda aka yi wa canjin wajen aiki, akwai wanda jari ya karye. Cinikin waɗannan shi ne ainihin farashin yau. Ba kuma ina nufin ka samu mai matsuwa ka murƙushe shi ba, wannan ba hali ba ne kuma ba ya albarka, amma sanin dalilin mutum yana gaya maka ko tayinka zai samu kunne ko ɓata man motarka kake.

Na ce zan dawo kan jira. Yaya ba ɗan kasuwar gida ba ne, zama zai yi da iyalinsa, yana biyan haya yanzu kuma duk shekara sai an ƙara mishi, kuɗin da ya tara kuma suna banki suna ƙanƙancewa. Mutum irinsa in ya ce sai kasuwa ta kai ƙasa zai saya toh zai iya tsufa a gidan haya, don babu wanda ke ganin ƙasan sai an wuce shi. Abin da na ga ya fi mishi shi ne ya saya a kan lissafin yau, ya bar wa kansa tazara yadda ko an ƙara sanyi shekara biyu ba zai ji ya yi wauta ba. Mun samu labarin gida biyu da aka sallama a layin bayan, ɗaya 24 ɗaya 26 amma shi da rijiyarsa. Yaya ya taya 25. Mai gidan ya aiko da albarka, dillalin har da ɓata rai wai mun raina dukiyar mutane.

Bayan sati bakwai sai ga wayar dillalin da sassafe, ranka ya daɗe an ce ka kawo 29. Yaya ya ce mishi ya ji, amma sai an yi ruwan Agusta ya je ya ga yadda hanyar nan ta yashi take komawa tukuna.